Guntuwar takarda mai sunan Diori

Ɗana, ka tambaye ni ko mu sayi guntuwar takardar da mutumin nan ya kawo shago jiya, wai sa hannun Diori Hamani, shugaban ƙasar Nijar na farko, ne aka yanko daga wasiƙa. Mayar da kuɗinka aljihu tukuna.

Duk wanda ya sa almakashi ya yanke sa hannu, shaidu ya kora. Babu kwanan wata, babu hatimin ofis, babu sunan wanda aka rubuta wa. Takarda da tawada kaɗai suka rage, su za ka tuhuma.

Juya bayanta ka shafa da yatsa. Bik yana barin gurbi, za ka ji ɗan tudu. Fotokofi sumul take, a gilashin ƙara girma sai ka ga baƙin gari kwance bisa takarda, bai shiga cikinta ba. Diori ya yi mulki daga 1960 zuwa 1974, don haka bik ba abin zargi ba ne a nan. Amma in aka kawo maka na wani kwamandan Nasara na 1935 da bik, sallami mai shi, don Bic bai fito kasuwa ba sai 1950.

Inda aikin yake shi ne tafiyar hannun. Mutumin da ya sa hannu sau dubu ba ya tunani, alƙalaminsa na sauka da gudu ya tashi da gudu, wutsiyar harafin ƙarshe ta sirance kamar gashi. Mai kwaikwayo kuwa zane yake yi. Yana kallo, yana tsayawa, layin ya yi ta rawa, kauri ɗaya daga farko har ƙarshe, inda ya huta tawada ta taru ta yi ɗigo.

Kamar da ta yi yawa ma abin tsoro ce. Ina saurayi a nan Maraɗi na sayi guda biyu wurin wani, ina ta murna. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya ɗora ɗaya bisa ɗaya ya ɗaga su ga hasken ƙofa, suka hau juna daram. Bai ce uffan ba, miƙo mini kawai ya yi. Hannun mutum ba ya maimaita kansa haka, sai dai an bi sawu ko na'ura ta buga.

Gobe in mai takardar ya dawo, ba shi kujera da ruwa, ka tambaye shi ina sauran wasiƙar, wa ya yanke ta, a gidan wa ta kwana shekarun nan. Ka sa ido kan fuskarsa lokacin da yake amsawa.