Tambayoyinku kan Fasaha: Shirin ɗora kayan rubuta ABAP na SAP a kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na samu aiki a wani kamfanin rarraba kaya da ke tafiyar da lissafinsa da manhajar SAP. An ce in shirya laftof ɗina in ɗora kayan rubuta ABAP kafin in fara. Kwamfutar ta hannu ce, RAM ɗinta gig 8. Me zan tanada, kuma za ta iya? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa ka shiga a sa'a. Kwamfutarka za ta iya, muddin Windows ɗinta mai bit 64 ce. Gig 8 zai ɗauka, sai dai idan ka buɗe Chrome da shafuka barkatai a gefe za ka ji tana nishi. In da hali ka kai ta 16, kuma in har yanzu tsohon faifai mai juyawa ne a ciki, ka musanya shi da SSD. Wannan ya fi ƙarin RAM saurin nuna bambanci.

Amma ba nan gizo ke saƙar ba. SAP kamfanin Jamus ne da aka kafa a 1972, ABAP kuwa shi ne yaren da ake rubuta shirye-shiryen cikin manhajarsa. Abin da za ka rubuta ba a laftof ɗinka zai zauna ba, a sabar kamfani yake zama, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da manhajar, can kuma yake aiki. Kayan da za ka ɗora, wato ABAP Development Tools, wanda aka fi sani da ADT, ƙari ne da ake liƙa wa Eclipse, wata manhajar rubuta shirye-shirye, domin ka leƙa cikin sabar. Idan ba a buɗe maka can ba, kamar ka sayi rediyo ne a garin da babu tasha.

Don haka tun kafin ka ƙona data, je wurin masu kula da sabar, waɗanda ake kira 'yan Basis. Ka karɓi sunan tsarin mai haruffa uku, da adireshin sabar, da lambarta mai lamba biyu, da lambar client mai lamba uku, wato sashen tsarin da za ka shiga, da sunan shiga naka na kanka. Ka tabbatar na tsarin gwaji aka ba ka, ba wanda ake yanka rasit da shi ba. Sannan ka ce su ba ka izinin mai rubuta shiri, wanda ya ƙunshi S_DEVELOP da S_ADT_RES da S_RFC. Sau da yawa sabon ma'aikaci kan kwana yana gogewa yana sake ɗorawa, yana zargin kwamfutarsa, alhali izini ɗaya ne ba a danna masa ba. Ka kuma tambaya ko sai da VPN ake shiga daga gida.

A ɓangarenka kuma, ka nemi ikon admin a kan kwamfutar, ka fara ɗora SAP GUI, wato manhajar da aka saba shiga SAP da ita, domin akwai tsofaffin allunan da Eclipse ke buɗewa ta cikinta. Windows na buƙatar Visual C++ Redistributable na Microsoft, ƙaramin fayil ne amma rashinsa kan hana haɗuwa da sabar. Sai Eclipse, wadda ke fitar da sabon zubi sau huɗu a shekara: Maris, Yuni, Satumba da Disamba. Kada ka ɗauko wadda abokinka ya tura maka a filash tun bara waccan. Duba shafin tools.hana.ondemand.com ka ga zubin da ADT ke tafiya da shi yanzu, ka sauke shi daidai. Sababbin zubin na zuwa da Java ɗinsu, ba sai ka wahala ba. Daga nan ka shiga Help, ka zaɓi Install New Software, ka liƙa adireshin da shafin ya bayar. Idan ya tsaya cak a intanet ɗin ofis, galibi firoksi ne, wato mashigar da intanet ɗin ofis ke bi, ana gyara shi a Network Connections cikin Preferences. Kuma ka cika batir tukuna, kar a ɗauke wuta ana tsakiyar ɗorawa.

Wani tsohon hannu a ofis zai iya ce maka SE80, wato tsohon wurin rubuta ABAP da ke cikin SAP GUI, ta wadatar. Girmama shi, amma ka riƙe Eclipse, domin CDS, wato hanyar tsara bayanai, da wasu sababbin kayan S/4HANA, sabon zubin manhajar SAP, ba a iya rubuta su a SE80.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce, ba ni da kamfanin da zai ba ni saba. Zan iya ɗora SAP gaba ɗaya a gida in koya? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Malama, SAP na fitar da zubin gwaji na ABAP da ake kunnawa ta Docker, wata manhaja da ke tafiyar da shi a keɓe a cikin kwamfutarki, amma yana cin aƙalla gig 16 na RAM shi kaɗai, da fili wajen gig 150. Idan kika haɗa da kuɗin datar sauke shi, ban ba ki shawara ba sai kina da babbar kwamfuta. Mafi sauƙi ki buɗe asusun gwaji na SAP BTP, wato dandalin SAP na kan intanet, kyauta ne, ki kunna sashen ABAP a ciki, ki haɗa shi da Eclipse. Na ɗan lokaci ne, kuma tare da wasu masu koyo ake amfani da tsarin, don haka ki riƙa ajiye kwafin aikinki a GitHub, shafin ajiye shirye-shirye, ta hanyar abapGit, kayan da ke kwashe aikin ABAP zuwa can.

Tambaya: Ni MacBook gare ni, sai na sayi mai Windows?

Amsa: A'a. Eclipse da ADT na aiki a Mac da Linux. SAP GUI ce kawai za ka ɗauki wadda aka yi da Java, kuma yawanci ofishinku ne zai sauke maka ita, tunda saukewa daga rumbun SAP na neman asusun abokin ciniki.