Tambaya da Amsa: Wace roba zan zuba yawur da bisap ɗina?

Tambaya: Salamu alaikum. Ni 'yar Tahoua ce ina yin yawur da bisap da lemun citta a gida, shekara ukku kenan ina ƙullawa a leda, yanzu Allah ya buɗa ina son in koma kwalba da etiket nawa. Bara tunkiyata ta dinga ramewa har muka yanka ta, da aka buɗe tumbi wallahi leda ce cunkushe har da irin wadda nake ƙulla bisap, tun ranar hankalina bai kwanta ba. Wani ya ce zai kawo mini leda mai narkewa da kanta, in saya ko kwalbar ta fi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'a, ya mayar miki da alherin tunkiyar.

Ledar nan mai narkewa, ki dakata tukuna. Yawancinta ledar da muka sani ce aka zuba mata wani sinadari, in rana ta buge ta sai ta farfashe ta koma ƙanana ƙanana kamar dusa, ido ya daina ganinta amma tana nan cikin ƙasa da ruwa, shi ya sa ƙasashen Tarayyar Turai suka hana irinta tun 2021. Wadda ake yi da masara kuma ba ta ruɓewa a bola, sai an kai ta wurin da ake ruɓar da shara ta zama taki, mai zafi da damshi na musamman. Mu ma nan Nijar akwai doka tun 5 ga Nuwamba 2014 da ta hana shigo da leda marar kauri da sayar da ita, ko da yake kowa na ganin yadda baƙar leda ke rataye a ƙayoyi, nan Yamai kuwa da damina ta sauka ita ke toshe lambatu ruwa ya shiga gidajen mutane.

To maganar kwalba. Ki juya gindinta za ki ga lamba cikin alama mai kusurwa ukku. Lamba 1 ita ce PET irin ta ruwan sha, 2 ita ce ta bido mai kauri, 5 irin ta bokiti da murfi. Waɗannan ukkun su ake iya sake narkawa cikin sauƙi. Lamba 3 wato PVC ki guje ta gaba ɗaya, in aka ƙona ta hayaƙinta guba ne.

Ki zaɓi kwalbar PET fara tas wadda ake hango abin ciki, kar mai kawo miki kaya ya ruɗe ki da ja ko kore wai ta fi kyau a firigo, ai bisap da kansa ja ne, mi ya fi wannan kyau? Ko Sprite da aka san ta da koriyar kwalba ta koma fara a ƙasashe da dama saboda wannan dalilin, farar ita ke da kasuwa wurin masu narkawa, kuma ita matan da ke tsintar kwalba suka fi ɗauka.

Etiket shi ne inda mutane da yawa ke ɓata aikin ba su sani ba. In an niƙa kwalabe ana zuba su ne cikin ruwa, PET ta nutse, murfi ya taso sama a kwashe shi daban. To rigar nan mai ƙyalli da ake lulluɓe kwalba da ita tun daga wuya har gindi sau da yawa PVC ce, ita ma nutsewa take yi, sai ta cakuɗe da mai kyau ta lalata duka. Ki yi ɗan ƙaramin etiket mai ɓaruwa da hannu, sunanki da lambar waya da ranar da aka yi, ya isa. Kuma ki bar bisap ya huce sarai kafin ki ɗura, PET ba ta son zafi lanƙwashewa take.

Amma ni in za ki ji ta tawa, abin da ya fi duk wannan shi ne kwalbar ta dawo hannunki. A duniya kaf kusan kashi 9 cikin 100 na sharar roba ake sake sarrafawa, kar ki dogara da cewa wani zai tsince ta. Masu sayen yawur kullum, gidajen maƙwabta da masu butiki, ki yi musu roba mai kauri lamba 5 mai faɗin baki wadda hannu ko buroshi zai shiga a wanke ta da sabulu da ruwan zafi, ki ɗora dala biyar ko goma a kan kuɗin, wanda ya maido a ba shi abinsa, kamar yadda ake yi da kwalaben lemu na gilashi a kes. Yawur madara ce, wankin nan ba wasa, wadda ta tsage ko ta riƙe wari ki fitar da ita.

Ki fara da ɗan kaɗan a unguwarku, bayan wata biyu dan Allah ki sake rubuto mana nawa suka dawo.