Hanyar da Mai Shari'a Aloma Mukhtar ta bi

Tambaya: Ina karatun lauya a Zariya. Wace hanya Mai Shari'a Aloma Mukhtar ta bi har ta zama Alkalin Alkalan Najeriya? Ni ma zan iya?

Amsa: Malama, hanyar na da tsawo. An haife ta a 1944, ta zama lauya a Ingila a 1966. Ta zama alkaliyar Babbar Kotun Kano a 1977, ta koma Kotun Ɗaukaka Ƙara a 1987, sai Kotun Ƙoli a 2005. Ta shugabanci kotun daga 2012 zuwa 2014, mace ta farko.

Tsarin mulki ya gindaya shekara 10 da zama lauya kafin a naɗa ki Babbar Kotun Tarayya, 12 a Ɗaukaka Ƙara, 15 a Ƙoli. Majalisar Shari'a ta Ƙasa ce ke miƙa suna, shugaban ƙasa ya naɗa. Na Kotun Ƙoli kam sai Majalisar Dattawa ta amince.

Inda mata ke yawan tuntuɓe shi ne batun asalin jiha. A 2012 ita kanta Aloma ta jinkirta rantsar da wata alkaliya, domin gurbin jihar mijinta aka ba ta. Ki daidaita takardunki tun yanzu.