Tambayi Likita: Sida, Sauro da Jarkar Mai Magani

Wani matashi daga Mirya: Likita, sauro yana ɗauko sida daga jikin wani ya sa wa wani?

A'a. Zazzaɓi yake kawowa, shi kuma gidan sauro ne maganinsa.

Wani malami daga Zango: An ce ciwon Turawa ne. A ina ya fi yawa?

Malam, a Amurka aka fara ba da rahotonsa a 1981, amma asalin ƙwayar daga tsakiyar Afirka take. Yau kimanin mutum miliyan 40 ke ɗauke da ita a duniya, kusan rabinsu a gabashi da kudancin Afirka. Afirka ta Kudu kaɗai tana da sama da miliyan 7. A gabashin Turai da tsakiyar Asiya masu kamuwa ƙaruwa suke yi. A Nijar ba a kai mutum 1 cikin 100 ba, amma ƴan ci-raninmu kullum suna kan hanya. Wanda ya dawo gida, ya je a auna jininsa.

Wata baiwar Allah daga Magarya: Maigidana yana shan ƙwayoyin asibiti. Wani mai magani ya ba shi jarkar saiwoyi, ya ce ya bar ƙwayoyin, ya warke. Ina da ciki.

Ƴata, wannan tambayar ta tayar mini da hankali. Wallahi na gaji da ganin magidanta da suka murmure, suka yi ƙiba, sannan jarka ta maido mana da su a kan amalanke, ga gudawa, ga tari, baki duk ya yi fari. Ƙwayoyin ba sa kashe cutar, danne ta suke yi har awo ya kasa ganinta. Lafiyar da mai maganin ya gani yake tutiya da ita, aikinsu ce. Da an daina sha, cikin ƴan makonni cutar za ta taso, kuma tana iya bijire wa maganin da ke yi masa aiki. A 2007 Yahya Jammeh, shugaban ƙasar Gambiya na lokacin, ya sa marasa lafiya suka bar ƙwayoyinsu suka koma kan ganyensa. Wasunsu sun rasu.

Ku koma asibiti a wannan makon, ku faɗi gaskiya, ku tafi da jarkar a gani. Maganin kyauta ne. Ke ma a auna ki wajen awon ciki. In an samu, akwai maganin da ke kare jinjiri. In maigidan ya noƙe, ki sa yayansa ko limamin da yake jin nauyi ya yi masa magana. Amma ke kada ki jira shi, gobe da safe ki tafi.