Wa Ya Haƙa Hanyoyin Nan Masu Zurfi a Gonakin Inabin Kaiserstuhl?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a birnin Freiburg na ƙasar Jamus. Kwanakin baya abokan karatu suka ja ni yawo cikin gonakin inabi na Kaiserstuhl, muka bi wata hanya da ta nutse cikin ƙasa, bango dama bango hagu, sai ka ɗaga kai sosai kafin ka ga sama. Haƙa ta aka yi, ko zaizayar ƙasa ce irin wadda ke cin gonaki a gida? Me ya hana bangon ruftawa, alhali da farce ma ana iya kankare shi? Sannan ina son in koma, amma ni ba mashayi ba ne, su kuwa mutanen wurin kamar giya ce kawai ke kai su. Akwai abin da irina zai je gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Babu wanda ya ɗauki diga da shebur ya haƙa hanyar nan, kuma ba ruwa kaɗai ya yi ta ba. Aikin haɗin gwiwa ne tsakanin manomi da ruwan sama: manomi ya niƙe ƙasar da ƙafarsa da kofaton dabbarsa da amalankensa, ruwa ya zo ya kwashe abin da aka niƙa. Amma kafin ka gane yadda hakan ta yiwu, sai ka san irin ƙasar da ka taka.

Kaiserstuhl ragowar tsohon dutse ne mai aman wuta, wanda ya daina aman tun kimanin shekara miliyan 16 da suka wuce. Yana tsaye a tsakiyar filin kogin Rhine, kusa da iyakar Faransa, kuma ƙololuwarsa, Totenkopf, mita 557 ce. Sai dai yawancin abin da idonka ya gani ba dutsen ba ne, mayafinsa ne. A zamanin da ƙanƙara ta mamaye Turai, wanda ya ƙare wajen shekara dubu 12 baya, kwarin Rhine fili ne na tsakuwa da busasshen taɓo, ba ciyawar da za ta riƙe shi. Iska ta riƙa ɗibar ƙurar tana saukewa a jikin tuddai, shekara dubbai, har a wasu wurare kaurinta ya kai mita 30. Wannan ƙasa Jamusawa ke kira Löss. Kai da ka taso cikin hazon hunturu ba baƙon abu ba ne a wurinka, domin ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodélé na ƙasar Chadi ita ma sauka take yi, kuma masana sun nuna cewa wani kaso na ƙasar noman Kano da Zariya iska ce ta kawo ta haka.

In ka koma, ɗebi kaɗan daga wadda ta zubo a gindin bango ka murza tsakanin yatsu. Launinta rawaya-rawaya ne, laushinta kamar garin fulawa, ba ta da kaushin yashi, ba ta da danƙon yumɓu. Ƙwayoyinta ƙanana ne masu kusurwa, sun sarƙe da juna tun ranar da suka sauka, ga kuma sinadarin farar ƙasa da ya liƙe su. Muddin ba a taɓa wannan sarƙa ba, bangon zai tsaya a miƙe, mita goma ko fiye, ya yi shekara da shekaru. Ruwa ma in ya sauka a samansa, ƙananan ƙofofin ƙasar kan tsotse shi. Amma da zarar an murƙushe ta, shi ke nan, ba ta komawa yadda take. Ta zama gari. Wannan ita ce amsar tambayarka ta biyu: bangon ba mai taka shi, ƙasan hanyar kuwa kullum cikin taku take.

To, ka ƙaddara ƙauye yana gindin tudu, gonaki suna sama. An daɗe ana noman inabi a nan. Garin Bötzingen yana da rubutacciyar shaida tun shekarar 769. Kowace safiya ana hawa da shanu da dawakai, da yamma a sauko, lokacin girbi kuma amalanke cike maƙil. Ƙafafun amalanken na katako ne masu bakin ƙarfe. Saukowar ta fi ɓarna, domin a gangare sai an ɗaure ƙafa ɗaya ko an cusa mata wani takalmin ƙarfe don kada kayan su rinjayi dabbar, sai ƙafar ta daina juyawa ta riƙa jan ƙasa tana karta. Da rani hanyar ta cika da ƙura. In aka yi ruwa mai ƙarfi, hanyar ita ce magudana mafi sauƙi, sai ta wanke ƙurar ta kai kwari. Gefe in ya ɗan zubo, manoma su kwashe ko su baje don amalanke ya wuce, wannan ma ruwa ya tafi da shi. Yi lissafi da kanka: ko santimita 2 kacal hanya ke nutsewa a shekara, cikin shekara 500 an sami mita 10. Yau da gobe ka sa allura ginin rijiya.

Saboda haka dangantakarta da kwazazzabon da ke cin gonaki a gida ta kusa ce, amma akwai bambanci. Kwazazzabo ruwa ne ke zaɓar masa hanya, kuma ba mai gyara cikinsa. Ita wannan mutum ne ya zaɓa, shi ya sa za ka ga ƙasanta a shimfiɗe daidai faɗin amalanke, tana tashi daga ƙauye ta nufi gonaki, wani lokaci ta rabu biyu inda gonakin suka rabu. Da siffarta ma kana iya karanta halin da take ciki. Wadda ake bi har yanzu bangonta a tsaye yake, tsirara, rana na dukansa. Wadda aka yi watsi da ita bangon kan zube sannu a hankali, cikin ya tsuke, itatuwa da sarƙaƙiya su rufe ta. Wadda aka zuba wa kwalta ko kankare kuwa ta daina nutsewa, tsayin da ka gani shi ne na ƙarshe.

Abin da ya rage yau kaɗan ne daga abin da ake da shi. Daga shekarun 1960 zuwa farkon 1980 hukuma ta sake fasalin gonakin yankin don tarakta ta samu shiga. Aka kawo katafila aka baje ƙananan gonakin da ke hawa-hawa a jikin tudu, aka mayar da su manyan faranti masu dogayen gaɓa, hanyoyi masu zurfi da dama aka cike su da ƙasa cikin 'yan kwanaki. Ba na zargin manoman. Wanda ya taɓa hawa tudu da kwandon inabi a gadon baya ba zai ga laifin titi mai kwalta ba. Amma an wuce gona da iri, kuma ƙasar ta nuna hakan: a watan Mayun 1983 an yi mamakon ruwa, gaɓoɓin sababbin farantan nan da yawa suka zame suka rufto, domin ƙasar da katafila ta tara ba ta da sarƙar da ta asali ke da ita. Yanzu dokar kare muhalli ta jihar Baden-Württemberg ta sa hanyoyin da suka tsira cikin wuraren da ba a yarda a lalata ba.

Mu zo kan tambayarka ta ƙarshe. Akwai abin gani, kuma ba ya buƙatar ka kurɓi komai. Ka nufi ƙauyen Bickensohl, inda aka tsara zagaye na musamman na kusan kilomita 7 mai alamomi, wanda ke bi ta cikin hanyoyin nan. Mafi shahara ita ce Eichgasse, zurfinta ya haura mita 10. Daga Freiburg jirgin ƙasa na zuwa Breisach ta Ihringen, daga Breisach kuma akwai ƙaramin layin da ke tsayawa a Achkarren da Oberrotweil, daga nan sai ka ƙarasa da ƙafa ko bas. A Ihringen akwai cibiyar nazarin halittun yankin, Naturzentrum Kaiserstuhl, in kana son taswira da bayani.

In ka shiga, rage sauri ka dubi bangon da rana ke duka. Za ka ga ya huhhuje da dubban ƙananan ramuka, wasu ba su fi bakin fensir ba. Gidajen ƙudan zuman daji ne da zanzaro, irin waɗanda ba sa zaman taro, kowace uwa da raminta. Can sama za ka ga ramuka manya, wanda hannun yaro zai iya shiga. Waɗannan na wani tsuntsu ne mai cin ƙudan zuma, mai rawayan maƙogwaro da shuɗin ciki da jan baya, wanda ke haƙa rami mai tsawon mita ɗaya ko fiye da bakinsa da ƙafafunsa ya yi ƙwai a ƙarshensa. Yakan iso a watan Mayu, ya bar wurin wajen ƙarshen Agusta zuwa Satumba ya tsallaka Sahara ya yi hunturu a Afirka. Yankin na cikin mafi ɗumi a Jamus, shi ya sa ake samun alhudahuda, da ƙoƙi-ƙoƙi, da wani koren ƙadangare wanda maƙogwaron namijinsa ke yin shuɗi lokacin barbara. A cikin ƙasar kuma akan tsinci dunƙulen farar ƙasa masu tauri, masu siffa kamar 'yar tsana, waɗanda ruwa ya narkar daga sama ya sake daskarar da su a ƙasa. Ƙofofin katako da za ka gani a jikin bango ɗakunan ajiya ne da aka fafe, saboda cikinsu da sanyi rani da damina. A Yaƙin Duniya na Biyu mutanen ƙauyukan sun fake a irinsu.

Don tsuntsaye da furanni, Mayu da Yuni suka fi. Satumba da Oktoba lokacin girbi ne, da kyan gani, amma tarakta na kai da kawo a hanyoyin da ba wurin kaucewa, sai ka buɗe kunne. Kada ka tsinki inabi ko da ƙwaya ɗaya, dukiyar wani ce kuma ba sa ɗaukar abin da wasa. In kana marmari, gidajen manoma da shaguna kan sayar da ruwan inabi zalla, sunansa Traubensaft. Ka lura da wanda ake kira Neuer Süßer ko Federweißer da kaka: zaƙi gare shi kamar lemo, amma ya riga ya fara zama giya.

Kada ka rubuta sunanka a bango, kada ka hau shi, kuma ka nisanci ramukan tsuntsayen lokacin da suke ciyar da 'ya'ya. Bayan ruwa mai yawa ka jinkirta tafiyar, domin ƙasan kan yi santsi kuma a lokacin ne gefe ke ɓallowa. Sa dogon wando da takalmi rufaffe, in ka dawo ka duba jikinka da kyau saboda kaska. Kudancin Jamus na cikin wuraren da cizonta kan jawo ciwon kumburin ƙwaƙwalwa, kuma akwai allurar rigakafinsa, sai ka tambayi likitanka a Freiburg kafin watan Mayu.