Amsoshin Tambayoyinku: Zuwa kallon tseren mota da ɗan guzuri kaɗan

Tambaya daga wani matashi a Garwa: Na ga sanarwa a WhatsApp cewa za a yi tseren motoci da babura a wani fili a Ngaundare wata mai zuwa. Sefa jaka 50 ce a hannuna. Za ta isa? In shiga motar haya, ko mu haɗa kuɗin mai da abokaina uku mu tafi da motar ɗayanmu?

Ƙanenmu, kafin lissafin kuɗi, ka fara tabbatar da cewa akwai tseren. Sanarwar WhatsApp ba ta tsufa. Hoton da aka yi shekara biyu da suka wuce yana iya dawowa yau kamar sabo, musamman idan an rubuta rana da wata ba a sa shekara ba. Ka kira lambar da ke jiki ka tambayi abu uku: wane fili ne, ƙarfe nawa za a fara, kuma shin an samu takarda daga ofishin sufurefe. A Kamaru taron jama'a a fili sai an sanar da hukuma tukuna, wanda kuma ba shi da takarda jandarma na iya watsa shi kafin mota ta farko ta tashi. Idan mai amsa wayar ya fara kame-kame a kan takarda, ka riƙe kuɗinka. Hanya ta biyu, wadda ta fi ta farko, ita ce ka sa wani ɗan'uwa a garin ya leƙa garejin makanikai. Idan da gaske za a yi tsere, mako guda kafin ranar za a ga ana kwance salansa, ana ɗaure taya, yaran gareji ba su da wata hira sai wannan.

Sai lissafi. Daga Garwa zuwa Ngaundare wajen kilomita 280 ne, zuwa da dawowa 560. Ƙaramar mota mai lafiya da mutum huɗu a ciki, ka ƙaddara mata lita 8 a kowane kilomita 100, wato lita 45 ke nan. A farashin sefa 840 da gwamnati ta tsayar wa litar fetur a Fabrairun 2024, kuɗin mai zai kama 37,800. Ku huɗu, kowa 9,450. Ka ƙara kuɗin shingen hanya, 500 a kowane shinge, da man yawon cikin gari. Wannan adadin shi za ka kwatanta da tikitin bas na zuwa da dawowa, amma ka ɗora wa bas ɗin kuɗin ɗan acaba, domin irin waɗannan filayen a bayan gari suke, kuma idan aka tashi da magariba kowa na neman babur lokaci guda, kuɗin sai ya ninka. Idan kun cika huɗu kuma motar lafiyayya ce, mota ta fi. Idan ku biyu ne, ku shiga bas.

Jaka 50 za ta isa idan kwana ɗaya ne kuma kana da inda za ka sauka. Kuɗin ɗaki shi ne ke cinye guzuri, saboda haka ka nemi dangi ko abokin kasuwancin mahaifinka tun yanzu, ka riƙa masa 'yar tsaraba. Kuɗin dawowa kuwa, ka ware shi tun daga gida, ka bar shi a Orange Money ko MTN, kada ya kwana a aljihu ɗaya da kuɗin tsire. Ka canza 'yan 500 da 'yan 1,000 tun a gari. Mai sayar da ruwa a bakin fili ba shi da canjin 10,000.

Tambaya daga mai motar da za a yi tafiyar: Tsohuwar Corolla ce, cikin gari kawai nake yawo da ita. Kuɗin da zan kashe a gareji ba su da yawa. Me zan fara gyarawa?

Malam, birki da taya tukuna, sai lagireto. Rediyo da fenti su jira.

Dalilin birki shi ne gangaren dutsen da ke arewa da Ngaundare, wajen Mbe. Ngaundare tana kan tudu, sama da mita 1,000, Garwa kuwa a kwarin Binuwai take, kuma yawancin saukar a wannan gangaren ake yin ta. Man birki yana shan danshin iska a hankali. Wanda ya shekara uku ko huɗu a mota ya sha ruwa sosai, idan aka daɗe ana taka birki a gangare sai ya tafasa ya zama tururi, ka taka ka ji ƙafarka ta nutse har ƙasa, mota ba ta ko rage gudu ba. Ka sa a zubar da tsohon gaba ɗaya a zuba sabo, irin wanda aka rubuta a murfin tankinsa, DOT 3 ko DOT 4, daga gwangwanin da aka fasa a gabanka. Lita ɗaya ta isa. A duba takalman birki. Idan abin da ya rage bai kai milimita 3 ba, a canza. Ranar dawowa kuma ka sauka da giya ta biyu ko ta uku, inji ya riƙe motar. Masu sakin giya a gangare don tsimin mai, man da suke ragewa bai kai kuɗin kofin shayi ba.

Taya ba a duba ta da zanen fuska kaɗai. A gefenta akwai lamba huɗu bayan rubutun DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2317, an yi ta a mako na 23 na 2017, ta tsufa ko da zanenta yana nan. Tayar gwanjo da ta wuce shekara shida, ga tsage-tsage a gefe, ita ce ke fashewa a kan kwalta mai zafi. A auna iska da safe kafin mota ta yi tafiya, a bi adadin da ke jikin ƙofar direba, har da safaya. Taya mai ƙarancin iska ta fi saurin ɗaukar zafi, saɓanin abin da wasu masu faci ke faɗa. Ka gwada jak da sifanar taya a gida, kada sai a daji ka gano ba girman notinka ba ce.

Lagireto: a duba tiyo biyu, na sama da na ƙasa, wanda ya kumbura ko ya yi laushi a canza shi, a kuma tabbatar fanka tana tashi. Ka riƙe jarkar ruwa lita 5 da fambel na ajiya. Idan allura ta hau, ka tsaya ka jira rabin awa kafin ka taɓa murfin, in ba haka ba ruwan zai feso maka a fuska. Fetur ɗin kwalba na bakin hanya, zuwa-zuwa, ya fi araha, amma ba ka san abin da aka haɗa a ciki ba, kuma dattinsa kan toshe filta a inda babu makaniki. Ka cika tanki a gidan mai. Takardu kuma su cika: lasisi, katgiris, inshora, da takardar gwajin lafiyar mota. Takarda ɗaya da ta mutu tana iya cinye duk abin da kuka rage ta hanyar haɗa kuɗin mai.

Tambaya daga wata uwa a Marwa: Yarana biyu, ɗan shekara 9 da ɗan 12, sun dame ni sai kawunsu ya kai su kallo. Akwai haɗari? Me zan saya musu?

Hajiya, akwai, kuma yawancinsa a wurin tsayuwa yake. Ƙaramin filin tsere na gida ba irin na talabijin ba ne mai katanga da kujeru. Fili ne na jar ƙasa ko yashi, da tsofaffin tayoyi a kwana-kwana, da igiya tsakanin mota da mutane, wani lokaci ko igiyar babu. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, kuma a kan ƙasa tana buƙatar mita 80 ko fiye kafin ta tsaya. Wanda ya ce zai kauce idan ya ga ta taho bai yi wannan lissafin ba.

Ki gaya wa kawunsu ya kiyayi wuri uku. Na farko bayan kwana, wato ɓangaren waje, domin motar da ta ƙwace can take nufa kai tsaye. Na biyu ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya, inda ake taka birki. Na uku inda babura ke dira bayan sun tashi daga tudu. Abin takaici, nan ne jama'a suka fi cika, saboda nan kallo ya fi daɗi. Su nemi wuri mai tudu, ta cikin kwana ko kafin a shiga ta, nesa da hanyar, kuma da sarari a bayansu. Su kasance a tsaye suna fuskantar inda motoci ke fitowa. Idan mota ta kife, kada yaro ya ruga kallo. Akwai wata a bayanta cikin ƙura, direbanta ba ya ganin komai.

Sayayya ba ta da yawa. Toshin kunne na soso, a kantin magani ko wurin masu kayan gini. Motocin da aka cire wa salansa ƙararsu ta wuce abin da kunne ke jurewa, kuma idan yaro ya dawo yana cewa kunnensa na kuka, an riga an yi ɓarna. Ana murza soson ya sirance, a ja kunnen sama, a tura, a riƙe har ya kumbura. Auduga ba ta yin wannan aikin. Sai takunkumi ko rawani saboda ƙura, hula, da takalmi rufaffe. Ruwa lita 3 ga kowane yaro, babba 4 zuwa 5. Daga Maris zuwa Mayu zafin Marwa da Garwa yana haura digiri 40, saboda haka a sa musu ƙullin gishiri da sukari: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa. Yaron da ke da asma, a bar shi gida idan lokacin hunturu ne. Ki rubuta lambar kawunsu a takarda ki sa a aljihun kowannensu.

Tambaya daga wani ɗan acaba a Gidar: Ina so in gwada shiga tseren babura. Na ga hular kwano ta gwanjo mai kyan gani a rabin kuɗin sabuwa. In saya?

Ɗan'uwa, a'a. Abin da ke kare kai ba ƙwaryar waje ba ce, farin soson da ke ciki ne, kuma sau ɗaya yake aiki. Idan ya sha bugu ya matse, ba ya dawowa, ga shi daga waje hular tana nan tana ƙyalli. Ta gwanjo ba ka san tarihinta ba. Ka sayi sabuwa mai rufe haɓa, ka duba ɗamararta: akwai ɗan ƙyalle mai harafin E cikin da'ira da lamba, alamar ta ci gwajin Turai. Wadda aka manna wa takarda a baya kawai, a bar ta. Ka sa ta, ka ɗaure, ka girgiza kai. Idan tana juyawa ta yi maka yawa, idan an ja ta daga baya ta fita, ba ta da amfani. Hular 'yan gini ba ta cikin lissafi.

Ka kuma yi tunani a kan babur ɗin. Da shi kake ciyar da gida, inshorar da kake biya kuwa ba ta ɗaukar abin da ya faru a tsere. Idan na wani ne kana kai masa balas, ka nemi izininsa da bakinka. Mu dai shawararmu, zuwan farko ka je ka taya wani mai tsere riƙe sifana, ka ga abin da ke karyewa da kuɗin gyaransa.

Tambaya daga Kusuri: Idan a Njamena za a yi, me ake buƙata?

Kai da ke Kusuri gadar Ngeli kawai za ka tsallaka. Sefar ɗaya ce a ƙasashen biyu, amma ka riƙe tsabar kuɗi, domin a Cadi Airtel da Moov ke aiki, ba layukan Kamaru ba. Katin ɗan ƙasa mai rai ko fasfo, da katin allurar shawara. Ka tsallaka da hantsi ka dawo kafin duhu, kuma ka mayar da waya aljihu a kan gada da duk inda ka ga soja. Idan da mota ne sai an haɗa da katin inshorar CEMAC (ƙungiyar ƙasashen yankin tsakiyar Afirka), wanda ake kira kat roz; barin motar a Kusuri a shiga haya ya fi sauƙi. Mai tahowa daga Marwa ta Mora da Waza ya tambayi direbobin tasha halin hanya da na tsaro a ranar, ya kuma yi tafiyar da rana.

Wani dattijo a Sar, a kudancin Cadi, ya tambaya ko gaskiya ne tseren Dakar ya taɓa biyowa ta garinsu, jikokinsa sun ƙi yarda.

Baba, gaskiyarka. A 1992 tseren bai nufi Dakar ba, ya tashi daga Faris ya ƙare a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu, ya ratso Libiya da Nijar, ya shigo Njamena da Sar, ya wuce Buwar a Afirka ta Tsakiya, sannan Yawunde. Hubert Auriol ne ya ci a ɓangaren motoci da Mitsubishi Pajero. An soke na 2008 saboda matsalar tsaro a Muritaniya, aka mayar da shi Kudancin Amurka a 2009, tun 2020 kuma a Saudiyya ake yinsa. A watan Janairu ake yi, jikokin su nuna maka a waya.