Tambayoyinku: "A grup uku na gani, ai ya tabbata ko?"

Tambaya: Wayata tana zafi sosai in ina caji. Wani ɗalibi daga Zariya.

Amsa: Ka daina kallon TikTok tana jikin caji, ka cire mata rigar roban nan, kuma ka rabu da cajar gefen titi.

Tambaya: Malam, an turo sautin murya wai akwai wata lamba da in ta kira ka ka ɗauka za a kwashe kuɗin asusunka. A grup uku na WhatsApp na gan shi har da bidiyo, ai ya tabbata ko? Wata baiwar Allah daga Katsina.

Amsa: Hajiya wallahi wannan tambayar tana ci min rai, don kullum sai an aiko min irinta. Ɗaukar kira kawai ba ya taɓa kuɗinki, abin da ke kwashe kuɗi shi ne ki karanta wa mai kiran OTP, wato lambar sirrin da banki ke turo miki ta saƙo, ko PIN ɗinki da bakinki. To amma maganar grup uku, haba Hajiya, grup uku ai ba shaidu uku ba ne, mutum ɗaya ne ya yi magana aka yi ta juya ta, ko a grup ɗari kika gani asalinta baki ɗaya ne kuma ba ki san mai bakin ba. Malaman hadisi sai sun bi isnadi, wane ya ji daga wane, kowa da sunansa da halinsa, kafin su ce abu ya inganta, amma mu muryar da ba suna ba gari ba rana sai mu tura wa dangi kaf. Kin tuna ruwan gishiri a 2014 lokacin Ebola? Da tsakar dare aka dinga tashin mutane a waya wai a yi wanka da shi a sha, mutane suka kwanta asibiti, wasu suka rasa rai.

Shi ma bidiyon, da muna cewa gani ya kori ji, yanzu AI na iya sa wa mutum maganar da bai taɓa yi ba da muryarsa. Ni al'adata in na ga kibiya biyun nan da WhatsApp ke sawa a kan saƙon da aka yi ta turawa, nan take nake dakatawa, in ɗauki hoton bidiyon in sa a Google Lens, manhajar da ke binciko inda hoto ya taɓa fitowa, sau da yawa sai ka tarar tsoho ne daga wata ƙasa. Sannan in duba ko NCC, hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, ko bankin sun faɗa a shafinsu, in sami majiya biyu da ba kwafar juna suka yi ba. In ban samu ba a wayata yake tsayawa, dan Allah ke ma ki riƙa haka.

Tambaya: Kwastoma ya nuna min sikirinshot na tiransifa har alat ya shigo, in ba shi kuɗi? Mai POS daga Kano.

Amsa: A'a ɗan'uwa, duka biyun ana haɗa na bogi. Buɗe manhajarka ka ga balas ya ƙaru tukuna.